Ilimi Ya Biyo Matasa Har Cikin Aljihu, Ina Masu Karatun?

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tsunduma yajin aiki, ba ta janye ba sai ranar 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ɗaliban jami'o'in gwamnati suna zaune a gida. Kafin wannan, a 2020, an yi na wata tara, wanda ya haɗu da kullen korona. Wato wata 17 ke nan aka yanke daga rayuwar saurayi a cikin shekara uku, kuma babu wani mai mulki da ya zo ya biya shi. Laifin mahukunta a nan a fili yake, ba ya buƙatar dogon sharhi. An sha faɗa, kuma za a ci gaba da faɗa.

Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba saboda ɗacinta. Shi ɗalibin, me ya yi da wata 17 ɗin nan? Wayar da ke aljihunsa, wadda ya yini ya kwana da ita yana musun ƙwallon Turai, yana bin rigimar 'yan fim, wani ma har da cacar wasanni, wal'iyazu billahi, ita ce dai wayar da ke ɗauke da laccocin jami'o'in da 'ya'yan manya ke biyan dubban daloli su je su saurara. Da yawa ba su sani ba. Waɗanda suka sani kuma, da yawansu sun leƙa sun fito.

Ga yadda abin ya faro. A watan Afrilun 2001 jami'ar MIT da ke Amurka, wadda tana cikin na gaba-gaba a duniya wajen kimiyya da aikin injiniya, ta ba da sanarwar da ta ba mutane mamaki: za ta zuba kayan karatun kwasa-kwasanta a intanet kyauta, kowa ya ɗauka. A lokacin sauran jami'o'i lissafi suke yi na yadda za su sayar da karatu ta intanet su tara kuɗi. Shugaban jami'ar na wancan lokaci, Charles Vest, shi ya tsaya wa shirin, aka sa masa suna OpenCourseWare. An buɗe shi a 2002 da 'yan kwasa-kwasai kaɗan, zuwa 2007 sun kai 1,800, yanzu kuwa sun haura 2,500. A ciki akwai tsarin karatun zango, da bayanan lacca, da aikin gida, da tambayoyin jarrabawa, sau da yawa har da amsoshinsu, wasu kuma da bidiyon laccar daga ranar farko har ta ƙarshe. Ba a neman rajista, ba a neman ko sisin kwabo.

Misali guda ya isa. Akwai wani dattijon malamin lissafi mai suna Gilbert Strang, wanda ya koyar a MIT tun 1962 bai ajiye alli ba sai 2023, yana da shekara 88. Kwas ɗinsa mai lamba 18.06, wani reshe ne na aljabara da injiniya da mai ilimin kwamfuta ba sa iya aiki sai da shi, yana nan a bidiyo, lacca sama da 30, mutum da allo da alli kawai. Ɗalibin da ke cunkushe da ɗaruruwan 'yan uwansa a zauren lacca, ba ya jin abin da malami ke faɗa, aka tilasta masa sayen handawut, yana iya zaunar da wannan dattijo a ɗakinsa, ya tsayar da shi, ya maido shi baya, ya sa shi ya maimaita sau goma, ba tsawa ba gori.

Wanda kuma tushensa ne ya ruɓe tun daga sakandare, shi ma an yi masa tanadi. A 2004 wani ma'aikacin kamfanin juya kuɗi a Amurka, Salman Khan, ɗan asalin Bangaladash da Indiya, ya fara koya wa wata 'yar uwarsa ƙarama lissafi daga nesa. Da dangi suka yi masa yawa sai ya riƙa ɗaukar darussan yana sa su a YouTube daga 2006, a 2009 ya ajiye aikinsa ya rungumi wannan. Ita ce Khan Academy, wadda ke ɗaukar mutum tun daga tarawa da ɗebewa har zuwa lissafin shekarar farko ta jami'a, tana ba shi tambayoyi, ba ta ce ya ƙware ba sai ya ci. Duk wanda ya tuna cewa a jarrabawar JAMB ta 2024 sama da ɗalibai miliyan 1.4 ne suka kasa samun maki 200 cikin 400, ya san cewa masu buƙatar komawa tushe ba kaɗan ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Sauran suna da yawa. Jami'ar Rice ta kafa OpenStax a 2012, tana wallafa cikakkun littattafan jami'a na fiziks da kemistiri da ilimin halittu da tattalin arziki, a sauke su kyauta. Jami'ar Harvard tana da CS50 ga mai son fara ilimin kwamfuta, akwai kuma freeCodeCamp ga mai son koyon rubuta manhaja. A nan gida ma, jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta zuba littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kuma an rubuta su ne musamman don wanda zai karanta ba malami a gabansa.

To, tunda ga abinci an girke, me ya hana a ci? A nan ne maganar take.

A 2011 wasu malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe kwas ɗinsu na jami'ar Stanford kan ƙirƙirarriyar basira ga duk duniya. Mutum 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. A lokacin an yi ta kururuwa cewa jami'o'i sun kusa rufewa. Shekaru suka shuɗe, sai a Janairun 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente kan kwasa-kwasan MIT da Harvard da ke dandalin edX. Abin da suka gano ya kashe bakin masu kururuwar. Fiye da rabin masu rajista ko darasin farko ba sa buɗewa. A zangon 2017 zuwa 2018 kimanin mutum uku ne kacal cikin ɗari suka kammala. Daɗin daɗawa, mafi yawan masu amfana 'yan ƙasashen da suka riga suka wadata ne. Wato dai wanda aka ce an yi abin dominsa, talakan da ba shi da jami'a a kusa, shi ne aka fi rasawa a wurin.

Mutanen nan da suka gudu, da yawansu suna da wutar lantarki ba yankewa, suna da intanet mai gudu, Turancin kuma nasu ne. Ashe ke nan ba kayan aiki kaɗai suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai tambaye su gobe da safe: ina karatun jiya?

Abin mamaki, maganin wannan cuta yana nan a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina tun ƙarnoni. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san ƙa'idarta. Littafi ɗaya ake ɗauka. Mai Ahalari ba ya tsallakawa Iziyya don ya ga ta fi kauri, mai Iziyya ba ya ɗaukar Risala sai ya sauke. Kullum ana ɗaukar ɗan abin da za a iya riƙewa, layi biyar ko goma, a koma gida a maimaita, gobe a dawo. Wanda ya fi fahimta yana biya wa na ƙasa da shi, kuma da biyawar nasa karatun ke zama. Wanda aka kwana biyu ba a gani ba, sai an aika gidansu a ji ko lafiya. Ɗan kasuwa yana zuwa da asuba kafin ya buɗe rumfa, tela yana zuwa bayan Magariba, mai shekara 50 yana zaune kusa da mai 20, babu mai jin kunyar wani. Ba a ba kowa takardar shaida, amma an fitar da malaman da duniya ta san da zamansu.

Saurayin yau ya bar wannan tsari ya ɗauki na tsuntsu. Yau ya fara koyon rubuta manhaja, jibi ya ji ana cewa zanen kwamfuta ya fi kawo kuɗi ya koma can, mako mai zuwa an turo masa wani kwas a WhatsApp ya sake sheƙa. Wayarsa cike da littattafai ɗari uku, bai sauke ko ɗaya ba. Tara littafi daban, karatu daban. Jaki ma ana ɗora masa littattafai. Kuma kallon lacca a kwance kan katifa, ba biro ba takarda, kallon fim ne da wani suna. Lissafi ba ya shiga ta ido, sai an zauna an fafata da tambaya, an faɗi, an sake, an gano inda aka kauce.

Saboda haka abin da ya kamaci matasa ba ƙarin adireshin shafuka ba ne. Mutum huɗu ko biyar na unguwa ɗaya ko aji ɗaya su haɗu, su zaɓi kwas ɗaya tak, su sa lokaci tsayayye da wuri tsayayye, sau uku a mako ya isa. Kowa ya kalli laccar ya yi aikin gida kafin ya zo, a zaman kuma a riƙa juyawa: yau wane ne zai tashi ya yi bayani a allo, sauran su yi masa tambayoyi. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe da rajistar zuwa. Idan akwai wani a unguwar da ya gama jami'a a fannin, a roƙe shi ya riƙa leƙowa ko sau ɗaya a wata don warware abin da ya cije. A ƙarshe a ɗauko jarrabawar da ke cikin kwas ɗin, a sa agogo, a rubuta ta tsakani da Allah. Ba a buɗe wani kwas sai an rufe wannan.

Za a ce ina kuɗin data, ina wuta? Wannan uzuri ne na gaskiya, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Amma a nan ma haɗuwar ce ke rage nauyi. Mutum ɗaya ne zai sauke laccocin, a rage kaifin hoton don kada su ci data, sauran su karɓa ta Xender ko katin ajiya, kamar dai yadda ake rarraba fassarar finafinan Indiya ba tare da kowa ya koka da tsada ba. Littafin OpenStax sau ɗaya ake sauke shi. Akwai manhajar Kiwix da ke ajiye Wikipedia a waya ko kwamfuta a karanta ba intanet, akwai Kolibri da aka ƙera musamman don wuraren da intanet bai wadata ba. Wanda ya samu kuɗin cajin waya don kallon wasan daren Laraba, bai rasa na lacca ba.

Sai dai kada wani ya ɗauka duk abin da aka kira kyauta sadaka ce fi sabilillahi. Dandalin edX, wanda MIT da Harvard suka kafa a 2012 da sunan ba riba ake nema ba, an sayar da shi a 2021 ga wani kamfani mai suna 2U a kan dala miliyan 800, kuma a Yulin 2024 kamfanin ya garzaya kotu neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. Coursera, wadda ita ma aka kafa a 2012, kamfanin kasuwanci ce tun asali, takardar shaidarta ta kuɗi ce, sai dai wanda ya nemi tallafi aka ba shi. Ƙofar da 'yan kasuwa ke riƙe da makullinta tana iya ƙanƙancewa kowane lokaci, don haka abin da aka samu a buɗe yau a sauke shi a adana. Haka nan mai karatu ya bambance fanni da fanni. Biyu da biyu huɗu ne a Boston, huɗu ne a Gusau. Amma tarihi da siyasa da tattalin arziki, kowa da mahangar da yake ba da labari daga ita, kuma wanda ya taɓa mulkin mallaka ba zai ba da tarihinsa yadda wanda aka mallaka zai bayar ba. A karanta, amma da ido a buɗe.

Game da takardar shaida, gaskiya ɗaya ce: OpenCourseWare ba ta ba da ita, ba ta kuma haɗa kowa da malami. Wanda yake jami'a, wannan karatu ƙari ne da zai sa digirinsa ya zama da abu a ciki. Wanda ba ya jami'a, makaniki ko mai gyaran waya ko mai shagon da ke son iya lissafin ribarsa da rubuta wasiƙar kasuwanci, aikin hannunsa ne zai zama shaidarsa, domin mai ba da aikin haɗa wutar sola ko gina shafin intanet abin da aka iya yake dubawa.

Babban shingen da ya rage shi ne harshe. Kusan duk waɗannan darussa da Turanci suke, kuma dubban matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa, musamman waɗanda suka taso a tsangaya da Islamiyya, Turancin ne kawai ya tsaya tsakaninsu da su. A nan nauyi ya koma kan 'yan uwan da suka yi boko mai zurfi. Lasisin da MIT ta ɗora wa kayanta ya halatta a kwafa, a gyara, a fassara, a rarraba, da sharaɗin a ambaci mai shi, kada a mayar da shi haja, kuma a bar wa na gaba irin wannan 'yanci. Littattafan OpenStax ma buɗaɗɗen lasisi gare su. Wato babu wata doka da ta hana malamin lissafi na sakandare a Funtuwa ko ɗalibin injiniya a Samaru ya ɗauki babi ɗaya, ya jingina wayarsa a gaban allo, ya yi bayaninsa da Hausa cikin minti goma, ya tura wa 'yan unguwarsu. Masu aikin sa kai da ke rubuta Wikipedia ta Hausa sun riga sun nuna cewa harshen yana ɗaukar irin wannan kaya, kuma su ma da waya da ɗan abin da ya samu na data wasunsu ke yin aikin.