Kafin ka zargi abokin cinikinka, tambayi rajistar sunaye



Makon jiya wani ɗan kasuwa na Maraɗi ya same ni rai a ɓace. Kwana huɗu abokin hulɗarsa na Kwatano yana rantsuwa ya aiko takardar kuɗin kaya ta imel, shi kuwa bai ga kome ba, kaya na jibge a tashar jirgin ruwa, kuɗin ajiya na hauhawa. Har ya fara kiran mutumin maƙaryaci. Ashe ba shi da laifi.

Kowane suna a intanet, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ko .ng na Najeriya, yana da rajista cikin tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983. Rajistar layi-layi ce. Layin A yana ba da lambar na'urar da shafi ke zaune a kanta, NS yana faɗin na'urorin da ke riƙe da rajistar, MX kuma shi ne kamar akwatin gidan waya, inda ake zuba wasiƙu. Saboda haka shafinka na iya buɗuwa lafiya lau alhali wasiƙunka na tafiya wani gida.

Muka buɗe baƙin allon umarni na kwamfuta, muka rubuta dig sunansa.ne MX. Mai Windows sai ya rubuta nslookup -type=MX sunansa.ne, duk ɗaya ne. Nan take amsa ta fito da sunan tsohon kamfanin da ya bari. Wanda ya yi masa ƙaura ya gyara A, ya manta da MX, ya karɓi ladansa cif.

Lambobi biyu na amsar dig sun cancanci a lura da su. Wadda ke gab da sunan akwati, kamar 10 ko 20, ita ce fifiko: ƙarama ake fara nema. Ɗayar ita ce TTL, wato daƙiƙun da sauran na'urori za su riƙe tsohuwar amsa kafin su sake tambaya. In an sa 86400, yini guda ke nan cur. Shi ya sa ko bayan gyara Alhaji ya ƙara kwana yana jira, yana ta huci.

Ma'aikacin biro da wasiƙun ofishinsa suka ɗauke, ya ƙara @8.8.8.8 cikin umarnin, don ya ji amsar na'urar Google, ya gwada ta da wadda yake samu a gida.