Mu fita da yaranmu yawon Ƙonni da ƙafa

A hutun da ya wuce ɗiyata mai shekara goma sha ɗaya ta tambaye ni: "Baba, me ya sa ake ce wa garinmu birni, alhali ni ban taɓa ganin ganuwa ba?" Na buɗe baki in amsa, sai na tarar abin da na sani bai fi baki biyu ba. Kunya ta kama ni, ga shi nan aka yanke mini cibiya. Washegari bayan asuba na kwashe su ukun muka fita, ba mota, ba kabu-kabu.

Abin da na dawo da shi ke nan nake so in faɗa wa iyaye da malamai: tarihin Ƙonni ba ya bisa allo. Za ka ratsa tsofaffin unguwanni ba tare da wani rubutu ya tsayar da kai ya ce maka ga abin da ya faru a nan ba. Yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum ana kai su makwanci. In muka zauna jiran gwamnati ta gina gidan tarihi, ranar da za a buɗe shi babu mai ba da labarin.

Mun fara da ƙofar fada, muka bi lungu-lungu muna gaisuwa. Wani dattijo da muka iske bisa tabarma ya tashi da kansa, ya nuna mana da sandarsa inda ya ji iyayensa na cewa ganuwa ta bi. Gidaje ne a wurin yanzu. Ɗana ya ce, "Kaka, wa ya rushe ta?" Tsohon ya dube ni, kamar mai neman izini, sannan ya shiga labarin Nasara.

A nan ne nake saɓa wa wasu abokaina. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta nufi tafkin Cadi, ta faɗa wa Ƙonni, ta ƙona garin, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, har mata da yara. Makonni kaɗan kafin nan ta gwabza da Sarauniya a Lugu. A watan Yuli na shekarar, a yankin Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, kwanaki kaɗan kuma sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Abokan nan cewa suke wannan ya yi wa yaro nauyi, tono tsohon miki ne kawai. Ban yarda ba. Yaron da ke ganin gawa a wayar yayansa kowane dare, ba labarin kakanninsa ne zai firgita shi ba. Abin da ake bukata shi ne ya ji shi daga bakin wanda ke ƙaunarsa, yana riƙe da hannunsa, a kan ƙasar da abin ya faru. Da yawan yaranmu sun san sunan Sarauniya, amma ba su san an yi wa garinsu abin da ya fi na Lugu muni ba.

Kuma ba baƙin ciki kaɗai ke nan ba. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Toronkawa, sun daɗe zaune a ƙasar Ƙonni, shi kansa a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin yankin Malbaza na yau. Da na faɗi haka babbar ta tsaya cak, ta ce ita ta ɗauka Shehu ɗan Nijeriya ne. Sai na bayyana mata cewa iyakar da ke tsakaninmu da Illelar Sakkwato an ja ta ne shekaru da dama bayan rasuwarsa a 1817. Mu dai Galmi albasa kaɗai muka san ta da ita, Malbaza kuma siminti.

Akwai Masalata, nan kusa, inda Azna ke da al'adunsu na duban shekara. Na san iyayen da za su ce Allah ya kiyaye su kai yaro can. Ba na tilasta kowa. Amma sanin abu ba bin sa ba ne, kuma yaron da bai san abin da ake yi kafin zuwan masu jihadi ba, ba zai gane abin da suka zo gyarawa ba.

Ga malaman lakwal, na san ajinku cike yake, kuɗin mota babu. Wannan yawo bai ci mini komai ba sai goron gaisuwa da ruwan sha. Ku raba yara goma-goma, ku nemi izinin mai unguwa tun da wuri, ku fita kafin rana ta ɗaga. Kowane yaro ya riƙe littafi ya rubuta abin da ya ji da Hausa, da sunan unguwar da ya ji shi. In tsofaffi biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun, kada malam ya zaɓar musu.

Mun koma wajen dattijon nan bayan sati biyu, don ɗiyata ta manta ba ta tambaye shi sunayen ƙofofin birnin ba. Muka iske ba ya jin daɗi, an kai shi Tawa wurin ɗansa. Shafin nan har yanzu a buɗe ta bar shi.