Koko da Ƙosai Ba Kayan Ɗaukar Hoto Ba Ne

Wani salo ya shigo Kaduna da ke ƙona mini rai. A Unguwar Rimi da Malali da kan titin Isa Kaita, gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki sun tsiri sayar da karin kumallon gargajiya. A kawo maka koko a 'yar ƙwarya mai zane, a jera ƙosai huɗu a kan faifai, sannan a miƙo maka lissafin da zai ciyar da gida guda a Badarawa. Masu cin kuwa ba sa kai ludayi baki sai sun ɗora hoton a Instagram.

Da kokon ya amsa sunansa, da da sauƙi. Sau da yawa garin leda ne aka dama da ruwan zafi, ba tsami, ba ƙamshi. Koko na gaske tun jiya ake fara shi: a jiƙa gero, a kai niƙa da citta da kanumfari da masoro, a tace, a bar gasara ta kwana. Wake kuma a surfa shi, a wanke dusar, a markaɗa da attaruhu da albasa, a yi ta bugun ƙullu har kafaɗa ta yi tsami kafin ya tashi a mai.

Mata masu wannan aiki suna nan, a Kawo da Hayin Banki da Unguwar Shanu da Unguwar Dosa. Kafin kiran assalatu sun hura wuta, hayaƙi na cin idonsu. Su ke karya wa lebura da mai Keke Napep da ɗan makaranta kumallo, wani lokaci ma bashi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wake da man gyaɗa da kuɗin niƙa suka yi tashin gwauron zabi. Ƙosai ya ƙanƙance, riba ta tsere, amma ba su sauke kasko ba, domin wasunsu marayu suke riƙo.

Me birni ya saka musu da shi? Da aka ƙaddamar da aikin sabunta Kaduna a 2019, an faɗaɗa tituna, an gina manyan kantuna, an rushe kasuwanni irin Kasuwar Barci a 2020. Wa ya tuna da mai kaskon ƙosai? Ita sai dai a kira ta ƙazanta a bakin hanya, a ce ta kwashe kayanta. Abincinta ya shiga gilashi ya zama na manya, ita an bar ta a bakin kwata.

Gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma su ware wa matan nan rumfa da famfo a kowace unguwa, su daina korarsu. Kai kuma Alhaji, da ka biya dubbai a wancan gidan ba ka ce uffan ba, ka ji kunyar sauke gilashin mota a Kawo kana ce wa Inna mai ƙosai ta ƙara maka gyara.