SANIN DUNIYA: Mi Koriyawa Ke Ci Cikin Fim?



A Matamai da Kance da ƙauyukan kewaye, samari da 'yan mata sun kama kallon fim ɗin Koriya ta Kudu, cikin tele da cikin salula. Wanda ya zauna kusa da su zai lura da abu guda: mutanen nan ba su rabuwa da ci. Sarki na ci, ɗan kasuwa na ci, wadda miji ya saki ma tana kuka da cokali a hannu. Sai tsofaffi su tambaya, wai mi ne ne jan abin nan da ke cikin 'yan tasoshi? Yara kuwa su yi tsuru-tsuru.

Fim ɗin da ya yaɗa sunan abincinsu a duniya shi ne Dae Jang Geum, wanda aka fara nunawa a shekara ta 2003, kashi 54. Labarin wata marainiya ne da ta shiga madafar sarki tana ƙarama, har ta zama likitar sarki.

Tushen abincinsu shinkafa ce dafaffa, fara, ba mai ba gishiri. Suna ce mata bap. Kalmar kuma tana nufin abinci gaba ɗaya, kamar yadda Bahaushe ke cewa "a zo a ci tuwo". Har gaisuwarsu ma, mutum ya kan tambayi ɗan uwansa ko ya ci bap. Wannan gaisuwa da dalilinta. Ƙasar ta sha yaƙi daga 1950 zuwa 1953, ta sha yunwa. Suna da wani lokaci da suke kira "tudun sha'ir", wato sa'ad da shinkafar bara ta ƙare, sha'ir na gona bai nuna ba. Manomin da ya taɓa leƙa rumbu a watan bakwai ya ga ƙasa, ba sai an yi masa fassara ba. Su ma suna cin gero irin nasu da dawa, su kan garwaya su da shinkafa da wake ranar da watan farko na shekararsu ya cika.

Kowa da ƙwaryar shinkafarsa da ta miya, da cokali da 'yan sanduna biyu na ƙarfe. 'Yan tasoshin tsakiya kuwa na kowa da kowa ne. Yawancinsu ganye ne da aka sulala, aka kwaɗa da gishiri da tafarnuwa da man riɗi. Kwaɗo ke nan, ba wani abu ba. In aka zuba ganyen bisa shinkafa, aka ɗora ƙwai da jan yaji aka cakuɗa, ya zama bibimbap. Farin abin nan mai kusurwa huɗu da ke yawo cikin miyarsu, suna ce masa dubu. Awara ce, irin wadda yara ke talla a tasha. Suna kuma da daddawarsu ta waken awara, sunanta doenjang, wadda ke yin watanni cikin tulu kafin a taɓa ta. Yarinyar da ke toshe hanci in uwarta ta jefa daddawa cikin miya, ta san cewa 'yan fim ɗin da take so da daddawa aka yi goyonsu.

Mai jego ba su ba ta kunun kanwa. Miyar wani ganyen teku suke ba ta, sunanta miyeokguk. Kowace shekara kuma, ranar da aka haifi mutum, ya kan sha wannan miya don tunawa da wahalar mahaifiyarsa. Wannan al'ada ce mai kyau ƙwarai.

To, ga inda ake son a buɗe kunne. Naman da suka fi ci a ƙasar nan alade ne. In an ga abokai sun kewaye wuta a tsakiyar tebur suna gasa nama mai zanen kitse, suna naɗe shi cikin salati, to samgyeopsal ne, cikin alade ne. 'Yar koren kwalba da ke gefe kuwa soju ce. Giya ce, ko da ta yi fari kamar ruwan rijiya. Taliyar leda da suke kira ramyeon, wadda suka fara yi a 1963, ita ma wata akwai romon alade cikin yajinta. Ɗan kasuwa ko ɗalibin da ya gamu da ita a shago, ya duba ko an buga alamar halal jikin leda. In bai iya karanta rubutunsu ba, ya bar ta a nan. Bulgogi kam naman shanu ne, yankan siriri, a jiƙa da tafarnuwa da sukari da ruwan waken awara mai gishiri, a gasa. Da yankan mahaucin gari kowa na iya yinsa, sai dai zaƙinsa ba zai yi wa mai son balangu daɗi ba.

Saura jan abin nan. Sunansa kimchi, kuma shi ne ya fi dacewa masu garka su sani. Ƙasarsu ƙasar ƙanƙara ce, in sanyi ya shigo ba abin da ke tsira a gona. Saboda haka kafin sanyi mata su kan yi gayya, su gyara shu mai yawa da gishiri da barkono, su danna cikin randuna. A da har binne randunan suke yi cikin ƙasa. Hukumar UNESCO ta sa wannan gayya cikin al'adun duniya da ake tattali a 2013.

A fadamun Korama matsalar a juye take. Da sanyi shu ke yin yawa, kowa ya kai kasuwa rana guda, kuɗinsa ya faɗi, abin da ya kwana ya ruɓe ko a ba awaki. Shu ɗin Koriya dogo ne mai laushi, amma su ma su kan yi kimchi da mai dunƙulen kai irin na garkunan nan. Ga yadda ake yi.

A wanke hannu da sabuni. A yanka shu kilo 1, a zuba gishiri giram 25, wajen babban cokali ɗaya da rabi. A murza, a bar shi awa 2 ko 3 har ya fitar da ruwa. A daka jan barkono da tafarnuwa da ɗanyar citta kaɗan, a yanka albasa da karoti, a garwaya duka. A danna cikin kwalba mai faɗin baki ko tukunya mai tsabta, har ruwan ya rufe ganyen, don abin da ya fito sama shi ke yin fumfuna. A bar wuri a wuyan kwalba, kuma kada a ɗaure murfi tamau, gama yana kumfa. Bayan kwana 2 ko 3 a inuwa zai yi tsami mai daɗi. Ana ci da shinkafa da wake ko da dambu.

Amma kada a ruɗi kowa. Sanyi ke riƙe wa Koriyawa nasu, shi ya sa yau gidaje da yawa ke da firigo na kimchi kaɗai. A zafin watan huɗu ba zai jima ba, zai yi tsami ya wuce kima. Wanda ba shi da firigo ya sa kwalbar cikin ƙaramar randa, ya sa ta cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Wannan dabara wani malamin Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta cikin shekarun 1990. In ganyen ya yi yauƙi ko warin ruɓa, a zubar, kada a ba yara.

Ƙungiyar matan da ke son gwadawa ta fara da kai guda, ba da buhu ba. A rubuta ranar da aka danna da nauyin gishirin da aka sa, a riƙa ɗanɗanawa kowace safiya da cokali mai tsabta.