Kayan aikin da Charles Vermot ya ƙi bari a sayar

A watan Janairun 1969 kamfanin Zenith da ke garin Le Locle a Suwizalan ya fito da injin agogon hannu mai suna El Primero. Ba ruwansa da batir, motsin hannun mai shi ne ke wana shi. Yana bugawa sau 36,000 a awa, wato sau goma a daƙiƙa, shi ya sa yake iya auna ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Sai dai bai fito a sa'a ba. Ranar 25 ga Disamba na shekarar, Seiko na Japan ya saki agogon Astron mai batir, wanda kuskurensa bai wuce daƙiƙa biyar a wata ba. Agogon wani kuwa, wato marar batir wanda ake wanawa, ko da na ƙwarai ne, yana iya yin wannan kuskuren a yini guda.

A 1975 masu kamfanin na lokacin, Zenith Radio na Chicago a Amurka, suka ba da umarni a daina ƙera agogon wani, a sayar da kayan aikinsa a matsayin gwangwan. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya rubuta musu wasiƙa yana roƙon a dakata. Ba a saurare shi ba. Sai ya riƙa fakar ido bayan an tashi aiki, yana kwashe ƙarafan buga sassa kimanin 150 da zane-zanen injin zuwa ɗakin can saman ginin masana'antar. Kowanne ya liƙa masa lamba, ya rubuta a littafi, sannan aka toshe wurin.

A ganina wannan littafin ya fi ɓuyar muhimmanci. Ƙarfen da ba a san inda yake shiga ba gwangwan ne, ko da an adana shi shekara goma. Su ma shugabannin ba wawaye ba ne, don batir ya ci kasuwa da gaske. Abin da ya kuɓuce musu shi ne, sayar da kayan aiki na yini ɗaya ne, sake ƙera su da koyar da hannun da zai sarrafa su kuwa sai shekaru da dukiya mai yawa.

Da kasuwar agogon wani ta farfaɗo a shekarun 1980, Vermot ya nuna wurin, aiki ya ci gaba. Daga 1988 zuwa 2000 Rolex ya riƙa sa wannan injin a cikin agogonsa na Daytona, bayan ya rage bugunsa zuwa 28,800. Masu tara tsofaffin agogo na kiran waɗannan Zenith Daytona, suna kuma biyan kuɗi mai tsoka a kansu.