Waiwaye: Audugar Talaka da Sandar Birazil

Ina yaro nakan bi kawuna kasuwar auduga a ƙasar Funtuwa, mu fita tun asuba, jakuna biyu a gaba, kowane da mangala cike tam. A ɗora kaya a sikeli, malamin awo ya faɗi laba nawa, kawu ya karɓi kuɗinsa ya ƙirga sau biyu kafin ya cusa a aljihun 'yar ciki. Da kuɗin nan ake biyan haraji, a ɗinka wa yara kayan salla, a yi wa 'ya kayan ɗaki. Ban taɓa jin ya tambayi wanda ke yanke farashin ba. Sai da na girma na gane cewa kuɗin audugar manomin Afirka ta Yamma, majalisar dokokin Amurka ta fi malamin sikeli hannu a cikinsa.

A kakar 2001 zuwa 2002 farashin auduga a kasuwar duniya ya faɗi zuwa kusan santi 42 kowace laba, faɗuwar da aka yi shekara talatin ba a ga irinta ba. Manomin Mali da na Chadi suka sayar da asara. Manomin Amurka kuwa ko gezau, domin a shekarar gwamnatinsa ta raba wa manoman auduga kusan 25,000 tallafin dala biliyan 3.9, kamar yadda ƙungiyar Oxfam ta ƙididdige a 2002. Wanda aka biya masa asara tun kafin ya shuka, me zai hana shi ƙara gona? Ya ƙara, auduga ta cika kasuwa, farashi ya ƙara nutsewa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, akwai doka. Tun 1995 Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, ta sa iyaka ga tallafin da ke karkatar da kasuwa. Amma an yanka iyakar ce gwargwadon abin da kowace ƙasa ta saba bayarwa. Mai babban akushi aka bar masa akushinsa: Amurka ta samu izinin dala biliyan 19.1 a shekara, kuma jimla ce, tana iya jibga kaso mai tsoka a kan amfanin gona guda. Ƙasashen da tun asali ba su da abin bayarwa aka tsayar da su a kashi 10 cikin ɗari na darajar abin da suke nomawa.

A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka ce tura ta kai bango. Shugaba Blaise Compaoré na Burkina Faso ya je hedkwatar WTO a Geneva da kansa a watan Yuni ya kai kuka. A watan Satumba, a taron ministoci na Kankun da ke Meksiko, suka nemi a janye tallafin, a kuma biya su diyya kafin a gama janyewa. Daftarin da aka miƙo musu shawara ya ba su, wai su nemi wata sana'a ban da auduga. Taron ya watse ba a cim ma komai ba.

Birazil ta bi wata hanya. Ta kai Amurka ƙara a WTO a 2002, Benin da Chadi suka shiga a matsayin masu ruwa da tsaki. Ta yi nasara a 2004, aka ɗaukaka ƙara, ta sake yin nasara a 2005. Amurka ta yi ta jan ƙafa har 2009, lokacin da aka ba Birazil izinin ramuwa ta fiye da dala miliyan 800, har da taɓa haƙƙin mallakar magunguna da finafinan kamfanonin Amurka. Nan take magana ta canja. A 2010 Amurka ta amince ta riƙa biyan dala miliyan 147.3 duk shekara ga wata cibiyar auduga ta Birazil, a 2014 kuma ta biya miliyan 300 aka rufe shari'ar. Manomin Chadi da aka fi kowa cuta bai ga irin wannan kuɗi ba.

Gaskiyar ƙasashen huɗu da ta Birazil ɗaya ce. Bambancin, Birazil tana da lauyoyi da masana da suka zauna suka lissafa asarar dala bayan dala, tana kuma da kasuwar da Amurka ke tsoron rasawa. Iyakar tallafi da ke rubuce a takarda tana kare wanda ke da sandar da zai ɗaga ne.

An ɗan samu ci gaba, ban musa ba. A Nairobi a 2015 an yarda a soke tallafin fitar da amfanin gona waje. Amma tallafin cikin gida yana nan. Da rikicin ciniki ya ɓarke tsakanin Amurka da Sin, gwamnatin Trump ta ware dala biliyan 12 a 2018 da biliyan 16 a 2019 don rage wa manomanta raɗaɗi. Tun Disamban 2019 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina aiki saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai.

Mu ma sai mu dubi gida. An rushe hukumar sayen auduga a 1986 ba a kafa madadinta ba. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗi, Nijeriya har yau ba ta cika ba. Ko iyakar da doka ta ba mu ba mu kai ba.

Ina kira ga 'yan majalisarmu na Katsina da Zamfara da Kaduna: kafin a zartar da kasafin baɗi, ku tambayi nawa aka ware wa manomin auduga, da wanda zai tsaya masa a Geneva.