Wa Zai Gaji Kasimu Yero A Gaban Yara?

Ran 3 ga watan Satumba na 2017 Allah ya yi wa Alhaji Kasimu Yero rasuwa a Kaduna. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan lokacin da akwatin telebijin ɗaya ke isar unguwa guda, ba ya bukatar a gabatar masa da wannan bawan Allah, mutumin Zariya. Shi ne Uncle Gaga na wasan Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980. Ya fito a Karambana, ya kuma fito a wasan da aka ɗauko daga Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Ta wannan hanya yara da yawa suka san labarun littafin tun kafin su iya karanta shi.

A Kudu ma an yi irinsa, watau Jimi Solanke, wanda ya rasu a watan Fabrairu na 2024. Ɗan wasa ne da ya yi aiki da Wole Soyinka, amma bai ga ƙasƙanci ba ne ya zauna tsakiyar yara da garayarsa ta Turawa yana ba su tatsuniya a shirin Storyland.

Abin lura shi ne, mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba. Gidajen telebijin na hukuma ne suka ba su fili, suka ware wa yara lokaci, suka biya kuɗin shiri, ko da yake shirin yara ba ya jawo talla. Da aka bar tashoshi su ci da kansu, shirin da ba ya kawo kuɗi shi ya fara shan wuya.

Yau a Badariya cikin Birnin Kebbi, yaro ya fi kusa da wayar yayansa bisa ga tatsuniyar kakarsa. Ya san jaruman Indiya da 'yan ƙwallon Ingila, amma a tambaye shi labarin Kanta da birnin Surame, sai ya yi zuru. Laifin ba nasa ba ne. Abin da aka ɗora masa a faranti shi ya ci.

Jihar Kebbi kuwa ba ta rasa abin faɗi ba. Ga tarihin Kabawa a gidan tarihi na Kanta a Argungu, ga na Malam Abdullahi na Gwandu, ga bikin kamun kifi da ya samo asali tun 1934, ga labarun masunta da manoman shinkafa na fadamar Rima.

Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Watsa Labarai da ta Ilmi su haɗa kai, su ware kuɗi a kasafin shekara domin shirin yara na mako-mako da Hausa. A nemo masu gabatarwa daga ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, a horar da su, a ba su albashi da matsayi kamar sauran ma'aikata. Har wa yau, a adana duk abin da aka ɗauka, kada ƙura da zafi su cinye shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In hukuma ta ƙi yi wa yara magana da harshensu, wasu za su yi musu da nasu.